Jamilatu 'Yar Council

Saƙon ya shigo wayarta ne wajen azahar, tana zaune a bayan teburin karɓar baƙi na wani asibitin kuɗi da ke unguwar Marylebone a Landan, inda ta shafe shekaru tana yi wa masu hannu da shuni murmushi tana tambayarsu ko sun yi booking. Jamilatu ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata wurin. Ta shige ɗan ɗakin da ake ajiye tawul da safar hannu, ta ja ƙofa, ta kai goshinta ƙasa. An ba ta tallafin karatu. Za a biya mata kuɗin digiri na biyu a fannin kula da jin daɗin jama'a, a riƙa ba ta ɗan abin riƙe kai, bisa sharaɗi guda: in ta gama sai ta yi aiki a sashen kula da yara na wata council, wato ƙaramar hukuma ta can, in kuwa ta ƙi ta maido abin da aka kashe mata.

Da ta ɗago kai sai ta tsaya da wayar a hannu tana tunanin wanda za ta fara yi wa albishir. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta mayar da wayar aljihu, ta koma kan kujerarta, ta ce wa kanta ta bari sai Asabar.

'Yar Gwammaja ce, a Kano. Aure ya kawo ta Landan, auren kuma ya mutu ba faɗa ba tashin hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Mijin, Suhaib, ya koma Abuja, ita ta zauna, domin ta riga ta samu takardun zama, ba ta kuma da uwar da za ta koma wa ɗaki. Allah bai ba su haihuwa ba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, aka kai ta riƙo wajen ƙanwar babanta. Ba a zalunce ta a can ba, haka take gaya wa kowa, kuma gaskiya ne. Amma ta san yadda yaro ke cin abinci a gidan da ba nasu ba, yana satar kallon fuskar mai gida kafin ya ce a ƙara masa. Abin da ta faɗa wa masu intabiyu ke nan da suka tambaye ta dalilin son wannan aiki, tana kuma jin shi ya sa suka ɗauke ta.

Dangin da take da su a Landan su ne matan da ke haɗuwa duk Asabar a gidan Hajiya Zarah a Catford. Hajiya dattijuwa ce, matar wani likita da ya yi ritaya, ta mayar da falonta tsakar gida. Yara na sama wajen malama suna karatu, iyaye na ƙasa ana tuƙa tuwo, ana tsegumin haya da makaranta da kuɗin jirgi. Jamilatu ce mai kitso. Babu yarinyar da ta tashi a wannan falo da ba ta taɓa kwantar da kai a cinyarta ba. Ana ce mata Anti Jamila, in ta makara kuwa sai an bi ta da waya.

Ta jira har aka gama cin abinci sannan ta faɗa. Aka yi guɗa, aka yi mata barka, aminiyarta Humaira ta rungume ta da tsohon cikinta. Sai Hajiya ta tambaya wane irin aiki ake yi da karatun in an gama.

"Soshiyal, Hajiya. Ɓangaren yara."

Matan suka dubi juna. Humaira ce ta ceci zaman, ta tafa hannu tana dariya ta ce ashe sun samu 'yar council a cikin gida, kowa ya kama kansa. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Hajiya ta yi addu'a Allah ya sa alheri, ta gyara zaman tabaranta, sannan ta ce, "Amma 'yar nan, duk karatun duniya ki rasa wanda za ki yi sai na masu raba ɗa da uwa?"

Jamilatu ta yi bayani iyakar iyawarta. Ta ce yawancin aikin taimakon iyaye ne, ba ɗauke yara ba. Ta ce rashin namu a ciki shi ke sa a yi mana mummunar fahimta, a ga tsawa a ce zalunci, a ga kunya a ce ɓoye laifi. Ba wadda ta yi mata musu, wannan kuwa ya fi musun ciwo. Kowace mace a wurin tana da labarin da ta ji: wata a Peckham da malamar makaranta ta kai ƙara, wani da ɗansa ya buga wa 'yan sanda waya don an hana shi fita. A wajensu 'yan soshiyal dodo ne mai ƙwanƙwasa ƙofa da murmushi.

Ba wanda ya kore ta. Da an kore ta ma da abin ya fi sauƙi. A hankali aka riƙa janye jiki, kamar yadda ruwa ke janyewa daga gaɓa. In ta shigo ana hira, sai a koma zancen farashin man ja. In uwa ta ɗaga hannu za ta make ɗanta ta hango ta, sai hannun ya zarce gyaran ɗankwali. Iyaye suka samu sabon abin tsorata yara, ka yi wasa Anti Jamila za ta tafi da kai. Da wasa ake faɗa, amma yara ba su san wasa ne ba. Wata Asabar ta zauna da matajinta da kibiya, ta kira wata ƙaramar yarinya da take yi wa kitso tun gashinta bai kai a kama ba. Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta ta fashe da kuka, tana cewa da Turanci ita ba ta so a kai ta council. Uwar ta yi ta ba da haƙuri tana dariyar kunya. Jamilatu ma ta yi dariya, ta mayar da matajin jaka.

Da Humaira ta haihu, a hotunan waya Jamilatu ta ga an yi suna. Ta kira ta yi barka, Humaira ta yi ta kame-kame: wai maigidan ne ya ce a taƙaita, flat ɗin ya yi ƙanƙanta, ga shi sun cika da yawa fiye da yadda mai gidan hayar ya sani, kin dai san maza da tsoro. Jamilatu ta ce ba komai. Ta sayi kayan jariri ta kai, aka karɓe ta a bakin ƙofa da fara'a, aka ce jaririn yana barci.

A jami'a ma ba ta samu wurin sa kai ba. Yawancin 'yan ajin sun girme ta a Turanci, ta girme su a shekaru. Suna da kirki, suna ba ta abin da suka rubuta in ta rasa lacca, amma in an tashi mashaya suke tafiya, ita ta nufi tasha. Duk lokacin da aka zo zancen iyalan Afirka ko na Musulmi sai idanu su juyo kanta, malamar ta ce ko Jamilatu za ta haska musu yadda mutanenta ke kallon abin. A aji ita ce mutanenta, a Catford ita ce council. Ta koma ɗakinta na haya a saman wani shagon wanki, inda injina ke kaɗa bene har magariba, ta dafa abinci a tukunyar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ta ci kwana da kwanaki.

A shekara ta biyu, da sanyi ya kama, aka tura ta sanin makamar aiki a Plumstead, ƙarƙashin wani dattijon ma'aikaci, Mista Godwin, ɗan asalin Jamaika, mai furfura da maganar da ba ta gaggawa. Ya sa ta a gidan ganawa, wani tsohon gida da council ta tanada don iyayen da aka karɓe wa yara su riƙa zuwa ganinsu. Aikinta ta zauna a kusurwa ta sa ido, in an tashi ta faɗi abin da ta gani. Ɗakin na da doguwar kujera da ta lotsa, da akwatin kayan wasa da kowanne ya rasa wani ɓangare, da taga mai kallon wurin zuba shara.

A nan ta haɗu da Fusena. 'Yar zangon Kumasi ce, mijinta ya bar ta da 'ya ɗaya, Mufeeda, mai kimanin shekara bakwai. Fusena tana sharar ofisoshi da dare, sai ta kwantar da yarinyar ta kulle ƙofa ta tafi. Wata rana ƙararrawar gobara ta tashi a benen, maƙwabta suka ji kukan yaro a bayan ƙofa. Aka ja mata kunne, ta yi alkawari, aka sake kama ta. Aka ba wata Baturiya riƙon Mufeeda, ana kawo ta duk Laraba da yamma ta ga uwarta.

Da Mista Godwin ya ji Jamilatu na jin yaren matar sai ya ji daɗi, ya ce sun huta da neman tafinta, amma ta tabbata ta gaya mata tun ranar farko. Haka kuwa ta yi. Fusena ta shigo, gajeruwa, cikin rigar sanyin da ta yi mata yawa, fuska a ɗaure kamar mai shiga kotu.

"Sannu da zuwa, Maman Mufeeda," in ji Jamilatu. "Kafin ki zauna gara ki sani, ina jin Hausa. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zan ji, kuma aikina ne in gaya wa na gaba da ni."

Fusena ta saki ledar da ke hannunta. "Kai Hausa ne? Daga ina?"

"Kano."

Ta kama hannayen Jamilatu duka biyu ta riƙe, tana ambaton Allah, idonta ya kawo ruwa. Hausarta ta zango ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa kai ne, kowa shi ne. Jamilatu ta lura rabin maganar kawai matar ta ji, rabin farko. Ta so ta maimaita sauran, sai ga Baturiyar ta shigo da Mufeeda, zancen ya wuce.

Larabobin da suka biyo baya sun zame mata wani abu da ba ta gaya wa kowa ba. Fusena na zuwa da wake da shinkafa irin nasu, da baƙin yaji a ƙaramar kwalba, ta baje a kan ɗan teburin, ta riƙa ba yarinyar a baki kamar jaririya. Tana magana da Hausa, Mufeeda na amsawa da Turanci. Kan yarinyar ya cukurkuɗe, domin uwar riƙon, duk da kirkinta, ba ta san yadda ake yi da irin wannan gashi ba. Jamilatu ta nemi izini a bar uwar ta riƙa yi mata kitso a lokacin ganawa, aka yarda. Sai ta zauna a kusurwarta tana kallon yatsun Fusena, tana jin ƙamshin man kaɗanya ya cika ɗakin, duhu na sauka a taga tun la'asar ba ta yi sanyi ba. A duk mako, nan kaɗai take jin ana Hausa a kusa da ita. Fusena ta daina ce mata Madam, ta koma Sista. In ta miƙo mata cokali Jamilatu ta ce ta ƙoshi, domin doka ba ta so, amma wata rana ta karɓa, yajin ya sa ta tari, Mufeeda ta yi dariya har da faɗuwa. Ranar ce ta fara jin dariyar yarinyar.

Zancen mayar da Mufeeda gida ya taso. Abu ɗaya ake son tabbatarwa: wa zai kwana da ita in uwar ta tafi aiki? Fusena ta gaya wa ma'aikata cewa ƙawarta Fausia ta dawo gidanta da zama, ita za ta riƙa kwana da yarinyar. Kowa ya ji daɗi, aka sa ranar zama, aka ce kafin nan wata ma'aikaciya za ta tattauna da Mufeeda ita kaɗai.

Larabar da ta rage kafin zaman, Fusena na cikin kitso sai ta sunkuya kusa da kunnen 'yarta, ta rage murya, ko da yake ba ta rage yadda Jamilatu ba za ta ji ba.

"In mutanen nan sun tambaye ka, ka ce Anti Fausia na kwana gidanmu."

Mufeeda ta ce da Turanci, ai ke kika gaya min a waya ta koma Kumasi.

"Yi shiru. Ka faɗi yadda na ce. In ka faɗi wani abu, ba za su bari ka dawo ba."

Jamilatu ta ga kafaɗun yarinyar sun ɗaga sun tsaya, kamar an ɗora mata tulu. Fusena kuwa ta ɗago kai ta dube ta, ta yi mata murmushi irin wanda ake yi wa 'yar uwa, ta ci gaba da kitsonta.

Da Baturiyar ta tafi da yarinyar, Jamilatu ta bi Fusena har bakin ƙofar gidan, inda ake rataye rigunan sanyi. Ta ce mata ta ji abin da ta faɗa, kuma ba yadda za ta yi ta ɓoye. Ta roƙe ta su je tare wajen Mista Godwin, ta faɗa da bakinta cewa Fausia ta tafi, a nemi wata mafita. Hakan zai fi mata daraja a idonsu.

Fusena ta tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. "Wa ya ji? Ni da kai ne kawai a ɗakin."

"Ni ce na ji, Maman Mufeeda. Tun ranar farko na gaya miki."

"Sista, in na bar aikin dare, wa zai biya haya? In ba ɗaki, sun ce ba yaro. In na yi aikin, sun ce ba mai kwana da shi. To ina zan bi? Kai ka gaya mani."

Jamilatu ta ce za ta nema, za ta bi duk ƙofar da ta sani, amma ba za ta yarda a koma kulle yarinya ita kaɗai ba, ba kuma za ta bari a ɗora mata ƙarya ta ɗauka ba. Fusena ta ƙarasa sa rigarta a hankali, ta ja zif har wuya, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ka taɓa haihuwa?"

"A'a."

"To," in ji Fusena, ta buɗe ƙofa ta fita.

Jamilatu ba ta hau bas ba. Ta taka da ƙafa har Woolwich, ta tsaya a bakin kogi iska na yankar mata fuska. Hanya a buɗe take: ta ce ba ta ji ba. An yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausar da ba irin tata ba, wa zai ƙaryata ta? Fusena za ta ci gaba da ce mata Sista, wataƙila ma wata rana ta gayyace ta gida. Ta kwatanta kanta zaune a ɗakin matar, ana zuba mata abinci, ta ji daɗin abin har cikin ranta, ta kuma ji kunyar jin daɗin. Domin ta gane ba Fusena kaɗai take tausayi ba, kanta take tausayi. In ta yi shiru, Mufeeda ce za ta biya, a bayan kullalliyar ƙofa, tana sauraron takun mutane a matattakala.

Washegari da safe ta gaya wa Mista Godwin komai, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta gaya masa har da abin da Fusena ta ce game da haya, ta ce a ganinta matar ba muguwa ba ce, an matse ta ne ta rasa mafita. Ya saurara har ta gama, ya tashi ya haɗa mata shayi da kansa. Ya ce shi ma da ya fara aikin nan akwai waɗanda suka daina zama kusa da shi a coci, wasu har yau. Ta tambaye shi ko abin yana wucewa. Ya ce shi dai bai ga ya wuce ba, sai dai mutum ya iya ɗaukarsa.

Aka ɗaga mayar da yarinyar. Fusena ta ce ba ta son sake ganin Jamilatu a ɗakin ganawa, aka biya mata buƙata, aka koma amfani da tafinta ta waya. Jamilatu ta roƙi a bar mata neman mafitar ko daga nesa, Mista Godwin ya yarda. Ta yi ta buga waya wuraren aiki da ƙungiyoyin taimako, ana ce mata a jira, tana sake bugawa.

Labari kuwa ba ya neman biza. Daga masallaci ya bi bakin mata har Catford, kafin ya isa ya yi ƙiba: wai Jamilatu ta yaudari wata 'yar Gana da Hausa, ta ci abincinta, ta tona mata asiri, an ƙwace mata 'ya har abada. Hajiya Zarah ta aiko ta zo, a ranar da ba kowa a gidan. Ta zaunar da ita a kicin ta tambaye ta gaskiyar magana.

"Hajiya, ki yafe ni, ba ni da ikon yin maganar. Amana ce."

"Ko ni?"

"Ko ke, Hajiya."

Dattijuwar ta jujjuya carbinta. Ta ce ita ba ta ce ta yi ba, ta san tarbiyyarta. Amma mata sun tsorata, wasu sun ce in tana zuwa su za su daina kawo 'ya'yansu karatu. Ta ɗan ɗaga ƙafa daga zuwan Asabar har ƙura ta lafa. In tana so ta riƙa leƙowa ranar Talata, lokacin ita kaɗai ce a gida. Ta zuba mata miyar kuka a roba, ta naɗe a leda biyu kada ta zube a bas, ta rako ta har ƙofa. Jamilatu ta durƙusa ta yi godiya. Sai da ta sha kwana sannan ta bari hawayen suka zubo.

Azumi ya zo ya same ta a haka. Sau da yawa a jirgin ƙasa take buɗe baki, da dabino da ruwan gora, tsakanin mutanen da kowa ya sa abu a kunne. Ranar Talata takan je ta gaishe da Hajiya, su yi hirar Kano ta da, ba a ambaton kowa. Ranar Sallah ta sa sabon leshi ta je idi, ta gaisa da duk wadda ta sani, aka amsa mata da kyau. Humaira ta ɗaga mata hannu daga nesa, da yaron a kafaɗa, ya yi wayo har yana jan mayafi. Da aka watse kowa ya nufi motarsa, ita ta koma ɗaki ta cire leshin, ta buɗe littattafanta, domin jarrabawa ta matso. Da yamma ta kira yayanta Abdul-Salam a Kano, ya tambaye ta ya taron Sallah, ta ce alhamdulillahi, an sha hidima.

Sai da zafi ya shigo Mista Godwin ya kira ta ya ce Mufeeda ta koma gida. An samar wa Fusena aikin rana a kicin ɗin wata makaranta, ɗaya daga cikin wuraren da Jamilatu ta yi ta bibiya, aka kuma taimaka mata ta nemi benefit, tallafin gwamnatin da ashe ta cancanta ba ta sani ba. Ya ce bai gaya wa Fusena wanda ya nemo aikin ba, sai in Jamilatu na so. Ta ce a bar shi haka.

Sau ɗaya ta sake ganinsu, a kasuwar Woolwich. Fusena na zaɓen doya, Mufeeda na riƙe da jakar cefane mai taya, ta ƙara tsawo. Jamilatu ta so ta juya, amma sun riga sun haɗa ido. Ta matsa ta yi sallama. Fusena ta amsa sallamar cikakkiya, har wa barakatuhu, da muryar mai sauke farali. Daga nan ta biya kuɗin doyarta, ta dafa kafaɗar 'yarta ta juya ta, suka shige cikin mutane. Yarinyar ta waiwayo sau ɗaya, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Jamilatu ta tsaya a wurin har mai doya ya tambaye ta ko za ta saya.

Ta gama karatun, ta ci jarrabawa. Ranar bikin yaye ɗalibai an ba kowa damar gayyatar baƙi. Hajiya ta so zuwa, ciwon gwiwa ya hana ta, sai wata 'yar aji ce ta ɗauke ta hoto. Da kaka ta kama ta fara aikin da ta yi alkawari, a wata council da ke can kudu, inda ba ta san kowa ba. Aka ba ta tebur kusa da injin buga takardu, da katin shaida mai igiya.

A makon farko aka tura ta gidan wasu mutane da makaranta ta nuna damuwa a kan 'ya'yansu. Bene ne dogo, lif ɗin ya lalace, ta hau da ƙafa tana hutawa. A bakin ƙofar akwai takalman yara a jere, ƙanana da manya, da ƙamshin albasa da ake soyawa. Daga ciki tana jin wata mata na yi wa yaro faɗa da wani yare da ba ta taɓa ji ba, amma ta gane faɗan na a zo a ci abinci ne. Ta daidaita numfashinta, ta yi bisimilla, ta ƙwanƙwasa.

Nan take muryar ta ɗauke. Aka kashe talabijin. Labulen tagar da ke gefen ƙofa ya ɗan motsa, ya koma. Jamilatu ta ja da baya taku ɗaya don a gan ta da kyau, ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta tsaya tana jira a buɗe.